Ganyen Kwanye

Tebur gare ni a bakin tashar Mokolo,
buta biyu, da benci mai ɗingishi.
Kafin ladan ya gyara murya na hura wuta,
direbobin Marwa su zo suna hamma,
kowa da ciwon da ya kawo wa shayi.

Ganyen ba nawa ba ne, na Kwanye ne,
can sama da Mogode, inda hanya ke ƙarewa,
babur ya ce shi kam ya gaji, sai ƙafa.
Gonarta ba ta fi tabarma shida ba,
an tare ta da duwatsu hawa-hawa
don kada ruwan Agusta ya sauko da ita,
aikin kakanni, dutse kan dutse, layi-layi.

Ba ta jin Hausa, ba na jin Kapsiki,
Fillancin kasuwa muke karyawa tsakaninmu.
Ba ta taɓa tambayar nawa na riƙo ba.
Takan ce, wa ke tari a wajenku?
Sai na faɗa, sannan a shiga tayi.

Na'ana'a ga wanda tuwon dare ya tsaya wa a ƙirji.
Ɗoɗɗoya ga mura, a lulluɓa da zane a sha tururi.
Tazargade kuwa, mai ɗaci kamar bashin maƙwabci,
ɗan tsunkule take ba ni tana kaɗa yatsa.
Sai wata ciyawa mai ƙamshin lemun tsami,
ita Bappa Sali mai facin taya ke nema,
tun da matarsa ta rasu barci ya yi masa yaji,
in ya sha rabin kofi idonsa kan yi nauyi.

Wata Talata zuciya ta raɗa mini lissafi:
kuɗin mai, kuɗin faci, ga gwiwa tana ƙara.
Ta juya baya tana korar akuya,
na tuge saiwa uku na cusa a aljihu.
Na sauko dutsen ina gumi, ga kuwa sanyi.

Na dasa a tsohon bokiti bayan ɗaki,
na ba ta taki, ruwan rijiya safe da yamma.
Ta yi kore shar, ta fi ta Kwanye tsawo.
Na tafasa, na zuba wa Bappa Sali.
Ya kurɓa, ya dube ni ta saman kofi,
ya ce, Tanimu, yau ruwan zafi ka sayar mini,
wannan kam bai yi.

Sati uku ban hau ba, kunya ta riƙe ƙafata.
Ran da na je tana shanya zoɓo a falalen dutse,
ban gama gaisuwa ba ta ɗaga yatsu uku.
Ta yi dariya har haƙorinta ɗaya ya leƙo,
ta kira jikarta ta fassara mini daki-daki:
ciyawar nan ƙishirwa ce ke sa ta ƙamshi,
da iskar da ke marinta, da tsakuwa a gindi.
Kai ka shagwaɓa ta kamar 'yar auta,
ba ta da labarin da za ta ba shayi.

Ta ɗauki dutse daga gefen kunya,
ɗan ƙarami, kamar ƙwan zabuwa,
ta sa a tafina, ta ce kai wa marainiyarka.
Ban san ko magani ba ne ko zolaya,
Kwanye ba ta raba su in tana yi.

Dutsen na nan a bokiti har yau.
Na rage ruwa. Ganyen ya ɗan rame.
In na murza shi da asuba wani abu na tasowa,
kaɗan, kamar sallama daga bayan gari.
Ban kai shi tebur ba tukuna.
Talata na zuwa, na sayi gishiri da sabulu
da ashana kwali biyu, ita take so.
Zan kora babur har inda ya saba tsayawa,
sauran hanyar ni da gwiwata mu yi.